Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Nazarin Tallafin Masu Ba da Agaji ga Ilimin Firamare da Makomar Karatun Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tallafin da ƙasashe masu hali da gidauniyoyi da ƙungiyoyin agaji ke bayarwa domin raya ilimin firamare a ƙasashe matalauta, inda ta mayar da hankali kan yadda lamarin ya shafi ƙasar Hausa, wato Arewacin Nijeriya da Kudancin Jamhuriyar Nijar. Manufarta ita ce gano abin da kuɗin agaji ya iya samarwa, da abin da ya gaza a kai, da kuma abin da ke wanzuwa bayan masu kuɗin sun naɗe tabarmarsu. An bi hanyar bitar rahotannin hukumomi da sakamakon bincike-binciken da aka wallafa, aka kwatanta abin da ya faru a Malawi da Uganda da Kenya da na ƙasar Hausa. Maƙalar ta gano cewa agaji ya yi tasiri wajen shigar da yara aji, amma shiga aji bai zama iya karatu ba, sai a inda aka haɗa littafi da horar da malami da harshen da yaro ke ji. Haka kuma ta gano cewa wannan nasara ba ta cika ɗorewa ba, domin sake buga littafi da bibiyar malami hidima ce ta kowace shekara, agaji kuwa yana da wa'adi. Daga ƙarshe an ba da shawarar sassan nazarin Hausa da kwalejojin ilimi da hukumomin zakka da waƙafi su karɓi riƙon wannan amana.

Fitilun Kalmomi: agaji, ilimin firamare, harshen koyarwa, karatun Hausa, ɗorewa, waƙafi

1.0 Gabatarwa

A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bai wa ƙasashen waje. A watan Maris Sakataren Harkokin Wajenta ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar USAID, kafin a rufe hukumar a farkon watan Yuli. A watan Fabrairu na wannan shekarar ita ma Birtaniya ta sanar da cewa za ta rage kasonta na agaji zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027, bayan ta riga ta rage shi daga 0.7 zuwa 0.5 a 2021. Waɗannan ƙasashe biyu su ne suka ɗauki nauyin manyan shirye-shiryen koyar da karatun Hausa a azuzuwan farko na firamare a Arewacin Nijeriya cikin shekaru goma sha biyar da suka gabata. Ke nan shawarar da aka yanke a Washington da Landan tana iya isa har cikin ajin ɗaya na wata makarantar ƙauye a Bauchi ko Zamfara.

Sau da yawa akan bar batun kuɗin ilimi ga masana tattalin arziki da masu tsara manufofi. Amma manazarcin Hausa ba baƙo ba ne a wannan zance, domin yaron da ya kasa karanta jimla ɗaya da harshensa a aji uku shi ne ba zai taɓa zama mai karanta ƙagaggen labari ko rubutacciyar waƙa ba. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ke saura a hannun yaro da malaminsa idan wa'adin tallafi ya cika?

1.1 Farfajiyar Nazari da Hanyar Bincike

An taƙaita nazarin kan ilimin firamare, musamman aji ɗaya zuwa uku, daga 1990 zuwa 2025, tare da waiwaye kaɗan zuwa shekarun baya inda buƙata ta kama. An dogara da rahotannin UNESCO da UNICEF da Bankin Duniya, da bayanan shirye-shiryen da aka gudanar a jihohin Arewa da Nijar, da bincike-binciken masana da aka wallafa. An zaɓi misalan Gabashin Afirka ne saboda a can aka fi auna tasirin kuɗin agaji da ma'auni bayyananne.

2.0 Ma'ana da Ire-iren Tallafi

A bakin jama'a da kafafen watsa labarai, kalmar "tallafi" ta game abubuwa mabambanta, kuma rashin rarrabe su kan kawo ruɗani. Ana iya kasa su gida huɗu.

Na farko shi ne agajin da gwamnatin wata ƙasa ke bayarwa kai tsaye daga harajin mutanenta, kamar na USAID, ko na hukumar DFID ta Birtaniya wadda aka haɗe da ma'aikatar harkokin wajen ƙasar a 2020. Na biyu shi ne asusun haɗin gwiwa da ƙasashe da dama ke zuba kuɗi a ciki, irin su GPE da UNICEF. Na uku shi ne kyautar gidauniyoyi da ƙungiyoyi masu zaman kansu da ɗaiɗaikun masu hali, kamar Gidauniyar Ford, da ƙungiyar Camfed da ta fara ɗaukar nauyin karatun 'yan mata a Zimbabwe a 1993, da shirin Educate A Child da Sheikha Moza bint Nasser ta ƙasar Ƙatar ta ƙaddamar a 2012. Na huɗu shi ne rance mai rangwame, wanda ba sadaka ba ne ko da an kira shi tallafi. Misalinsa shi ne dala miliyan 611 da Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya a 2017 domin shirin BESDA na mayar da yara makaranta. Wannan kuɗi bashi ne, kuma yaran da aka kashe shi dominsu suna cikin waɗanda za su biya.

Kashi uku na farko sun yi tarayya a siffofi biyu. Mai bayarwa shi ke zaɓar abin da za a kashe kuɗin a kai, shi ne kuma ke yanke ranar da za a daina.

3.0 Waiwaye kan Alƙawuran Duniya

An aza harsashin wannan yunƙuri a taron Jomtien na ƙasar Thailand a watan Maris na 1990, inda aka yi shelar ilimi ga kowa. Bayan shekaru goma aka sake taruwa a Dakar a Afrilun 2000, a nan ne ƙasashe masu hali suka ɗauki alƙawarin cewa rashin kuɗi ba zai hana duk ƙasar da ta yi niyyar gaske cim ma wannan buri ba. A wannan shekarar aka sanya ilimin firamare ga kowane yaro a matsayin buri na biyu cikin Muradun Ƙarni. A 2002 aka kafa asusun gaggauta shirin a ƙarƙashin inuwar Bankin Duniya, wanda aka sauya wa suna zuwa GPE a 2011. A taron Incheon na 2015 kuwa aka shawarci kowace ƙasa ta ware kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kasafinta, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da take samarwa, ga ilimi.

Ma'aunin nasara a shekarun farko shi ne yawan sunayen da ke cikin rajista. Wannan ma'auni yana da sauƙin ƙirgawa da sauƙin kai rahoto ga wanda ya ba da kuɗi. Sai daga baya aka fara tambayar abin da yaran suka koya. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, kuma adadin ya kusa kashi 90 a Afirka ta kudu da Sahara.

4.0 Darussa Uku daga Gabashi da Kudancin Afirka

4.1 Malawi: Cika Aji

A 1994 Malawi ta soke kuɗin makarantar firamare. Cikin shekara guda yawan ɗalibai ya tashi daga kusan miliyan biyu zuwa kimanin miliyan uku. Uganda ta bi sahu a 1997, Kenya a 2003, kuma masu ba da agaji sun mara wa waɗannan matakai baya. Abin da wannan ya tabbatar shi ne talauci ne ke tsare yara da yawa a gida, ba ƙin karatu ba. Sai dai Malawi ta wayi gari da azuzuwa maƙil ba tare da isassun malamai ba, har ta kai ga ɗaukar dubban waɗanda ba su da horon koyarwa, yara da yawa kuma suka riƙa ficewa kafin su kammala.

4.2 Uganda: Kuɗin da Ya Maƙale a Hanya

Ritva Reinikka da Jakob Svensson sun bi sawun kuɗin da gwamnatin Uganda ke turawa makarantu bisa kan kowane ɗalibi. Sun gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makaranta, saura na ɓacewa a ofisoshin gundumomi. Da gwamnati ta fara buga adadin kuɗin da ta tura a jaridu, ta kuma wajabta a manna shi a allon sanarwar makaranta, kason da ke isa ya haura kashi 80 zuwa 2001. Darasin shi ne ba yawan kuɗi kaɗai ke aiki ba, sanin iyaye da malamai game da haƙƙinsu shi ke raka kuɗin zuwa inda aka nufa.

4.3 Kenya: Littafin da Yaro Ba Ya Iya Karantawa

Misalin da ya fi kusa da zuciyar wannan nazari shi ne na yankin Busia da Teso a yammacin Kenya. A 1996 wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan mai suna ICS ta raba littattafan manhaja kyauta ga makarantu 25 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a daga cikin 100. Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin sun auna sakamakon, suka wallafa shi a 2009. Matsakaicin makin ɗalibai bai ɗaga ba. Waɗanda suka amfana su ne 'yan ƙalilan da dama can suke kan gaba a aji. Ɗaya daga cikin dalilan da masanan suka kawo shi ne littattafan da Ingilishi aka rubuta su, Ingilishi kuwa harshe na uku ne ga mafi yawan yaran. An yi sadakar da kyakkyawar niyya, kuɗin ya isa, littafin ya shiga hannun yaro, amma harshe ya tare hanya.

5.0 Tallafi a Ƙasar Hausa

5.1 Arewacin Nijeriya

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimin matakin farko, bisa sharaɗin kowace jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar UBEC tana kokawa da yadda biliyoyin naira ke kwance a asusunta saboda wasu jihohi sun kasa cika wannan sharaɗi. A cikin wannan yanayi ne shirye-shiryen agaji suka shigo.

Shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi UNICEF ta gudanar, ya fara a 2004. Zangonsa na uku ya gudana daga 2012 zuwa 2022 a jihohin Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato da Zamfara, daga baya aka ƙara Kano. Shirin ESSPIN ya yi aiki daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, ciki har da Jigawa da Kaduna da Kano, ya kuma ba da ƙarfi wajen raya kwamitocin gudanar da makaranta na al'umma. A 2015 aka fara shirin NIPEP da kyautar dala miliyan 100 daga GPE ga jihohin Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato, inda aka bai wa makarantu kuɗin gyara kai tsaye, aka tallafa wa iyayen 'yan mata, aka kuma ɗauki nauyin karatun malamai mata.

Abin da ya sauya alƙiblar aikin shi ne gwajin karatun Hausa da aka yi wa 'yan aji biyu da uku a Bauchi da Sakkwato a 2013, sannan a Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina a 2014. Gwaji ne na baka, yaro ɗaya bayan ɗaya: a nuna masa haruffa, da gaɓoɓi, da ɗan gajeren labari. Mafi rinjayen yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga labarin ba, alhali da harshen da suka tashi da shi aka rubuta. Wannan ya nuna cewa jin harshe bai wadatar ba, sai an koyar da karanta shi bisa tsari.

Daga nan aka samu shirye-shirye biyu da suka cancanci kulawar manazarta Hausa. Shirin NEI Plus na USAID, daga 2015 zuwa 2021, ya samar da jerin littattafan "Mu Karanta" na aji ɗaya zuwa uku a Bauchi da Sakkwato. Shirin RANA, wanda ya fara a Katsina da Zamfara a ƙarƙashin GEP, ya samar da nasa littattafan karatu da lissafi, ya kuma shiga makarantun Alƙur'ani da aka tsarma wa darussan boko. Tsarin duka biyun ya yi kama: littafi a hannun ɗalibi, jagoran malami mai ɗauke da darasin kowace rana, fara koyarwa daga sautin harafi zuwa gaɓa zuwa kalma, da jami'in da ke zagayawa yana duba malami a cikin aji. Wato an gyara kuskuren Busia.

Ba wannan ne karon farko da kuɗin agaji ya tabbatar da amfanin harshen uwa a Nijeriya ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyarwa da Yarbanci na tsawon shekaru shida na firamare a Ile-Ife, da tallafin Gidauniyar Ford. Yaran sun yi fice a darussa, Ingilishinsu kuma bai gaza na takwarorinsu ba. Duk da haka gwajin bai zama tsarin ƙasa ba.

5.2 Jamhuriyar Nijar

A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram a 1973, da Hausa aka fara. Daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Auna sakamakon da aka yi a lokuta daban-daban ya nuna ɗaliban waɗannan makarantu sun fi na makarantun Faransanci zalla iya karatu. Hukumar GTZ ta Jamus tana cikin waɗanda suka tallafa wajen buga littattafai da horar da malamai, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Amma shekaru da dama makarantun sun ci gaba da zama 'yan kaɗan, suna amsa sunan "na gwaji", suna farfaɗowa idan an sami mai tallafi, su yi sanyi idan ya tafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafinsu ga kasafin ƙasar cikin 'yan kwanaki. A 2025 kuma kundin sake fasalin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi zai buƙaci littattafai da malamai masu yawa, a daidai lokacin da hanyoyin agajin da aka saba da su suka tsuke.

6.0 Matsalar Ɗorewa

Ana iya fahimtar matsalar idan aka rarrabe hidimar da ake yi sau ɗaya da wadda ke dawowa kowace shekara. Gina aji, rubuta littafi, da shirya bitar farko ga malamai hidimomi ne na sau ɗaya, kuma su ne masu agaji suka fi so, domin ana ganinsu ana ɗaukar hotonsu. Albashin malami, wanda shi ke cinye mafi girman kason kuɗin firamare, ba sa ɗaukarsa. Littafin ɗan aji ɗaya kuwa ba ya wuce 'yan shekaru a hannun yara kafin ya yage, sabbin ɗalibai na shigowa kowace shekara, malamin da aka horar ana iya yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, babur ɗin jami'in sa ido kuma yana shan mai kowane mako. Idan ba a rubuta waɗannan a kasafin jiha da na ƙaramar hukuma ba, aikin shekara biyar yana iya zagwanyewa cikin shekara biyu.

Wannan ciwo bai tsaya ga kuɗin waje ba. Makarantun almajirai fiye da 150 da Gwamnatin Tarayya ta gina, waɗanda aka ƙaddamar da ta farkonsu a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu sun lalace ko an karkatar da su saboda ba a tanadi kuɗin abinci da albashi da gyara ba. Tarihin ɗab'in Hausa ma yana da irin wannan darasi. Hukumar NORLA ta buga littattafai masu yawa a zamanin Yaƙi da Jahilci, aka rufe ta a 1959, kuma sai da aka kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966 kafin sake buga da yawa daga cikinsu ya kankama. Littattafan da suka rayu su ne waɗanda suka sami mawallafi, suka shiga manhaja, suka shiga kasuwa.

Akwai kuma rashin tsayuwar manufa. Tun 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na muhalli a shekarun farko na firamare. A Nuwamban 2022 aka amince da faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi na Tarayya ya sanar da soke shi da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe, matakin da masana harshe da dama suka soka. Littafin da aka samar da kuɗin agaji ba shi da mai kare shi a irin wannan hali, in ba a sami cibiyoyin gida da suka ɗauke shi nasu ba.

7.0 Gurbin Manazarta Hausa

Koyar da karatun farko aiki ne na ilimin harshe tun kafin ya zama na kuɗi. Hausa tana da gata a nan: rubutunta na boko ya kusanci furucinta, kuma gaɓoɓinta iri uku ne kacal, wato baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, da baƙi da wasali da baƙi. Wannan ya sa koyar da ita gaɓa-gaɓa ya fi na Ingilishi sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka akwai wuraren da sai ƙwararre zai warware su.

Na ɗaya, ba a nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutun yau da kullum, saboda haka "gari" da "fari" kowannensu na ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya, kuma dole marubucin littafin aji ɗaya ya san inda zai sa irin waɗannan kalmomi da inda zai kauce musu. Na biyu, tsarin gabatar da haruffa masu ƙugiya da tagwayen baƙaƙe irin su "ts" da "sh" da "ƙy" yana buƙatar ƙididdigar yawan aukuwarsu a harshen yara. Na uku shi ne karin harshe. Yaron Sakkwato da ke cewa "icce" da "biyat" da "wanga" zai tarar da "itace" da "biyar" da "wannan" a littafi, malaminsa kuma yana buƙatar sanin yadda zai ƙulla gada tsakanin biyun ba tare da ya nuna wa yaron cewa maganar gidansu kuskure ce ba. Na huɗu, bambancin rubutu tsakanin Nijeriya da Nijar, irin na 'y da ƴ, ƙarami ne, kuma daidaita shi zai ba da damar buga littafi ɗaya ga ƙasashen biyu, wanda zai rage tsada. Na biyar, yara da yawa sun riga sun yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo, sun san cewa harafi da wasali ke haɗuwa su ba da gaɓa. Wannan jari ne da manhajar boko ba ta cika amfani da shi ba.

Duk waɗannan fannoni ne da sassan nazarin harsunan Nijeriya a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Maiduguri, da takwarorinsu na Yamai da Damagaram, suke da ƙwarewa a kai. Malaman waɗannan sassa sun shiga ayyukan agaji a matsayin ɗaiɗaikun masu ba da shawara. Abin da ya rage shi ne shigar sashe a matsayin cibiya, wadda ba ta da ranar tafiya.

8.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Agaji ya yi nasara wajen kawo yara makaranta, musamman 'yan mata. Ya yi tasiri kan iya karatu ne a inda ya haɗa harshen yaro da littafi da malamin da ake bibiya. Raunin da ya fi yawa shi ne rashin magajin da zai ɗauki hidimar kowace shekara. Bisa wannan ake ba da shawarwari kamar haka:

i. Sassan Hausa da cibiyoyin nazarin harsuna su tattara duk littattafan karatun farko da jagororin malamai da shirye-shiryen agaji suka samar, su taskace su a takarda da intanet, su yi musu nazarin inganci kamar yadda ake yi wa ayyukan adabi.

ii. Kwalejojin ilimi su mayar da koyar da karatun farko da Hausa darasi na wajibi ga duk mai shirin koyarwa a firamare a yankin da ake jin Hausa, domin horo ya tashi daga bitar kwana biyar ya koma cikin takardar shaidar malanta.

iii. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su sanya sake buga littattafai da kuɗin zirga-zirgar jami'an sa ido a kasafin shekara, kuma a kafa wannan sharaɗi tun ranar sa hannu kan kowace yarjejeniyar tallafi.

iv. A manna adadin kuɗi da yawan littattafan da aka turo wa kowace makaranta a bangonta, da Hausar boko da ta ajami, a kuma sanar a rediyo, bisa darasin Uganda.

v. A waiwayi hanyoyin agaji na gida. Jihohin Zamfara da Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi. Zakka tana da ƙayyadaddun masu karɓa, amma waƙafi yana da yalwa, kuma siffarsa ta dace da ciwon da ake magana a kai, domin asalin dukiyar yana nan, amfaninta ne ke gudana. Rumfunan kasuwa ko gona da aka tsayar domin buga littafin aji ɗaya za su ci gaba da aiki bayan rasuwar mai bayarwa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun kuɗin agaji daga alƙawuran Jomtien da Dakar zuwa azuzuwan Malawi da Uganda da Kenya, sannan zuwa na Bauchi da Sakkwato da Damagaram. Ba a kawo hujjar da za ta sa a raina wannan agaji ba, domin shi ne ya biya kuɗin gwajin da ya tona halin da karatun yara ke ciki, shi ne kuma ya samar da littattafan da suka nuna hanyar gyara. Abin da aka nuna shi ne iyakarsa: yana iya fara aiki, ba ya iya riƙe shi. Shekarar 2025 ta tabbatar da cewa mai zane yana iya karɓe abinsa ba tare da dogon gargaɗi ba. Littattafan "Mu Karanta" da na RANA suna nan, akwai malaman da aka horar a kansu waɗanda har yanzu suke cikin aji, kuma yara sababbi za su shiga aji ɗaya a farkon kowace shekarar karatu. Ko za su tarar da littafi a kan benci, wannan ya rataya ne a wuyan gwamnatocin jihohi da masu hali na gida da masana harshen da yaran ke magana da shi.